"The man to whom I spoke" ko "the man I spoke to"?

Malam, duka biyun da ka kawo daidai ne, amma na biyun nake ba ka shawarar ka riƙe, wato wanda ƙaramar kalmar nan, "to" ko "with" ko "for", take komawa ƙarshen jumla.

Shekarun baya na sayi wani ɗan littafin nahawu a Babbar Kasuwar Sakkwato, wanda har yau nake cizon yatsa a kan kuɗin da na bayar, domin shi ya cusa mini cewa babban laifi ne jumla ta ƙare da irin waɗannan kalmomi. Haka na yi ta ɗaure harshena har ranar da wata dattijuwa 'yar Ingila ta zo horar da mu malamai, ta ji na ce "the pen for which I am looking". Murmushi ta yi, ta miƙo mini nata alƙalamin tana cewa "the pen you are looking for", kuma tun daga ranar bakina ya sake. Ashe ƙyamar ta samo asali ne daga irin su John Dryden, wani marubucin Ingila, wanda a 1672 ya soki marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson a kan wannan salo, ana kuma ganin ma'aunin harshen Latin ya ɗauko ya auna Turanci da shi. Ko masanin nahawun Turanci Robert Lowth, a littafinsa na 1762, ya yarda cewa wannan salo ne ya fi yawa a maganar yau da kullum.

Shi kuwa "to whom", wurinsa takardar neman aiki da rubutun lauyoyi, kuma dole ya zo da "whom" ko "which", domin "to who" da "to that" kuskure ne.

Inda mu Hausawa muke tuntuɓe daban ne. Mun saba cewa "mutumin da na yi magana da shi", sai wannan "shi" ya biyo mu cikin Turanci mu rubuta "the man I spoke to him", kuma a nan ne mai duba takardar WAEC zai ja jan biro.