Ma'aunin Bentham da ma'aunin Mill

Jeremy Bentham da John Stuart Mill, masana falsafa biyu na Ingila, sun yarda cewa ana auna kyawun aiki ne da daɗin da ya jawo wa jama'a da kuma wahalar da ya kawar. Inda suka rabu shi ne a kan ko kowane daɗi daidai yake da ɗan'uwansa.

A littafinsa na 1789, Bentham ya kawo ma'auni bakwai, daga ciki akwai ƙarfin daɗin, da tsawon lokacinsa, da tabbacin samuwarsa, da yawan mutanen da zai shafa. Idan za a zaɓi tsakanin gyara filin kokowa da gina ɗakin karatu a Maraɗi, shi lissafi kawai zai yi, kuma duk wanda ya ga yadda fili ke cika maƙil ranar da ake neman takobi, makaɗa na zuga, 'yan kallo na sowa, ya san inda lissafin zai karkata.

Mill, a littafinsa na 1863, ya ce daɗin hankali ya fi na jiki daraja, kuma wanda ya ɗanɗani duka biyun ne ya cancanci yanke hukunci. Wannan ya fi kwanta mini a rai, sai dai alƙalan nasa kusan kullum 'yan boko ne irinsa, alhali Bentham ya lissafa manomin gyaɗa da malamin jami'a daidai wa daida, har ma ya sa wahalar dabbobi cikin lissafin.