Regiletar oksijin da na saya wa Inna, bayan wata uku muna amfani da ita

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina so in rubuta wannan saboda masu irin jinyar da muke yi. Inna ce ke fama da ciwon huhu, likita ya ce hayaƙin itacen da ta shekara tana shaƙa a madafi ne ya taru, hunturu kuma ya shigo da ƙurarsa numfashi ya riƙa sarƙe mata. Da za a sallame mu aka ce a ci gaba da sa mata oksijin a gida, lita 2 a minti ɗaya. Ƙauyenmu can gaba da Ringim yake, wutar nepa sai a yi sati ba a ga ƙeyarta ba, dan haka injin nan da ake jonawa a wuta bai karɓe mu ba, silinda muka ɗauka.

To ashe ba silindar ce magana ba, kan da ake ɗaura mata ne. Iskar ciki a matse take sosai, in tana cike allurar geji har wajen 2,000 take nunawa, regileta ce ke karya wannan ƙarfin ta sako iskar kaɗan kaɗan. Ta farko da na saya kwance ce, na ga araha na ɗauka, wlh na yi nadama. Da dare in gari ya yi tsit sai ka ji tana huci ta wajen mahaɗi. Babbar silinda mai lita 6,800 in ka lissafa a lita 2 ya kamata ta haura kwana biyu, amma kwana ɗaya da wuni ta ƙare mana, ƙarfe ukun dare, ga Inna tana haki ga ba mota sai da gari ya waye. Har yau in na tuna daren nan gabana faɗuwa yake.

Sai da na sayar da tunkiya na shiga Kano na sayo sabuwa, mai dogon bututu kamar gilashi da 'yar ƙwallo a ciki, lamba daga 0 zuwa 15, da kwalbar ruwa a ƙasa. Gaskiya wannan ta biya ni. Kana murɗa makunnin ƙwallon na tashi, inda ka tsayar da ita nan za ta kwana, ba ta rawa. Ma'aikacin lafiyar garinmu, Allah ya saka masa, shi ya nuna min tsakiyar ƙwallon ake dubawa a irin wannan, kuma dole bututun ya tsaya cak, in silinda ta karkace lambar ƙarya za ta baka. Kwalbar ruwan ma ta taimaka, da hancinta bushewa yake har da jini.

Abin da bai min ba, lambobin ƙanana ne, da dare sai da tocila, kuma makunnin ba shi da makulli ko kaɗan. Wata gwaggona ta zo dubiya ta ga Inna na nishi, saboda tausayi ta murɗa ya kai 6. Alhali likita ya ja kunnenmu, mai irin ciwonta in iskar ta yi yawa illa ce, 'yar na'urar auna oksijin na jini da ake maƙalawa a yatsa tsakanin 88 da 92 ya ce ta riƙa nunawa. Yanzu salatif na manna a kai. Murfin kwalbar shima roba ce marar ƙwari, a hankali nake ɗaure shi.

Dan Allah in za ka saya ka ɗauki hoton bakin silindarka tukuna, akwai mai zare da ake murɗawa ciki akwai mai 'yan ramuka biyu, wannan ba ta shiga waccan. Kar kuma wani ya ce ka ari ta masu walda. Mai da oksijin ba sa ga maciji, ko basilin mun daina shafa mata a hanci, kaskon wuta da turaren wuta duk mun fitar daga ɗakin duk da sanyin nan, bargo muka ƙara mata.

Robar bakin regiletar ta fara laushi, in na je cika silinda ranar Alhamis zan sayo guda biyu in ajiye. Ku sa Inna a addu'a.