Ɗakin kwana mai taya da wani mai walda ya haɗa mini a Birnin Kebbi

Shekara huɗu ke nan ina noman rani a fadamar Bunza, kuma duk shekara idan shinkafa ta fara nuna sai na koma kwana a gona, saboda tsuntsayen jan-baki da sassafe, ɓarayin injin ban-ruwa da dare. Wanda ya taɓa kwana a bukkar kara cikin fadama a watan Afrilu ya san sauro da zafin da nake nufi. Shi ya sa bana na yanke shawarar a haɗa mini ƙaramar tirela mai ɗaki wadda motata Golf za ta iya ja. Na zana abin da nake so a takarda: tsawo ƙafa 8, faɗi ƙafa 4, daidai girman filawud guda don kada a yi ta yanka ana asara. Na kai wa wani mai walda da jama'a ke yabo a cikin gari.

Ya ce mako shida, aiki ya kai wata uku. Wannan na yafe, don kun san halin wuta da tsadar fayif. Kuma ranar da na je ɗauka, wallahi raina ya yi fari. Walda sumul, ƙofa tana rufuwa ba ƙara, taga biyu da raga, ga soso da ya shimfiɗa tsakanin kwano da silin. Sifirin na tsohuwar Peugeot 504 ya samo ya sa. A can baya ya ɗaure mini duro mai cin lita 200 da famfo, ya ce nan ne zai fi sauƙin alwala da wanke-wanke. Na gode masa har na ƙara wa yaransa na goro.

Washegari na cika duro, na ɗauki ɗana mai shekara 13, muka kama hanya. Cikin gari lafiya lau. Da muka wuce Kalgo muka miƙi hanyar Bunza, na ɗan taka mota zuwa 70, sai wata babbar mota ta wuce mu. Iskarta na bugun tirelar sai na ji bayan Golf ya yi hagu, ya dawo dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya ƙarfi. Sitiyari yana hannuna amma ba ni ke tuƙi ba. Yaro ya ƙanƙame kujera yana cewa, "Baba, tana rawa, tana rawa!" Ƙafata ta kai kan birki, Allah Ya sa ban danna ba, na saki totur kawai ina salati har motar ta lafa da kanta a gefen kwalta. Da akwai mai babur a gefenmu a lokacin, da yanzu wani labarin ake yi.

Wani dattijo, tsohon direban babbar mota, ya taso daga gindin bishiya ya zo. Ya ce, "Alhaji, wa ya haɗa ma wanga abu?" Ya sa na kwance tirelar daga mota, sai ga hancinta ya ɗaga sama da kansa, ba wanda ya taɓa. Ya nuna mini cewa an sa ƙafafun a tsakiyar bodi cif, ga ruwa kilo 200 a bayansu, don kowace lita kilo guda ce. Ke nan tirelar ɗaga bayan motar take yi maimakon ta danne shi. Ya ce ƙa'ida, kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ya kamata ya sauka a kan maɗaurin da ke haɗa ta da mota, kuma ƙafafun a ja su baya da tsakiya. Ya kuma ɗaga sarƙar da aka sa mini ta ko-ta-kwana ya girgiza kai, irin wadda ake ɗaure akuya da ita ce. Nan muka zubar da ruwan kaf, na ƙarasa Bunza ina tafiyar 40.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar mai waldan. Na same shi na ce, "Malam, ka kusa kashe ni da ɗana." Buɗar bakinsa sai ya ce, "Alhaji, ai gudu ka yi." Ko sannu babu. Sai da na kawo dattijon nan har shagonsa kafin ya yarda ya yanke maɗaurin sifirin ya mayar baya, ya dawo da duron gaban ƙafafu, kuma sai da na biya rabin kuɗin gyaran. Mako uku ya riƙe ta, ni kuma ina bukkar kara har na yanke rabin gonar.

Gaskiya ɗaya ce, ɗakin kansa ba shi da makusa. Da farantin sola mai wat 100 da batir guda, fanka tana kai ni asuba, sauro bai shiga, ruwan farko ya sauka a kanta ko ɗigo ban gani ba. Yanzu tana bin mota tiryan-tiryan. Har na fara tunanin zuwa da ita Argungu idan bikin kamun kifi ya zagayo, don na san wahalar masauki da aka sha a na 2020.

Sai dai jiya da magariba na gano fitilun bayan da ya liƙa ado ne kawai, bai ja musu waya ba, kuma bai faɗa mini ba. Nan take ranar Kalgo ta dawo mini sabuwa. Idan ƙofar gida ko rumfar shago kake so, je wurinsa, hannunsa na da kyau. Abin da zai hau kwalta da iyalinka a ciki kuwa, ni ba zan sake ba shi ba. Yarona har yau bai yarda ya shiga motar idan ya ga tirelar a ɗaure.