Bandcamp, kantin da nake sayen waƙoƙin rock

Ni dai ba na son waƙar haya, wato wadda sai dai ka saurara amma ba taka ba ce, shi ya sa shafin intanet na Bandcamp ya kwanta min a rai. Ka biya, ka sauke fayil ɗinka, ya zama naka ko babu intanet. Akwai MP3, akwai FLAC, wato nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti. FLAC nake ɗauka, don jitar Mdou Moctar, ɗan Nijar ɗin nan, takan fito garau, har gogar yatsa a kan tsirkiya kana ji. Sai dai fa akwai cin data, kundi ɗaya kan kai megabait 300, sai dare nake saukewa. Kamfanin na cire kashi 15 cikin ɗari na kuɗin waƙar da aka saya kafin a ba mawaƙi nasa. A wasu ranakun Juma'a na musamman da ake kira Bandcamp Friday, tun 2020, yakan yafe kasonsa. Manyan tsoffin ƙungiyoyin rock na Ingila kuwa, yawancinsu sai ka nema wani wuri.