Gwajin tsufa na TruAge: lamba ɗaya ce ta cancanci a tsaya a kanta

Kamfanin TruDiagnostic da ke Lexington a jihar Kentaki ta Amurka yana sayar da gwajin TruAge, wanda mutum ke ɗibar jininsa a gida ya aika don a faɗa masa "shekarun jikinsa", wato inda tsufa ya kai shi, ba abin da takardar haihuwa ta ce ba. Kimiyyar da aka gina shi a kai sahihiya ce. Matsalar tana wajen karanta sakamakon.

A jikin DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki wanda ake rubuta shi da haruffa, akwai wuraren da harafin G ke bin C, ana kiransu CpG, inda ƙwayar jiki ke liƙa wata 'yar alamar sinadari mai suna metil. A wasu wuraren alamar na ƙaruwa da shekaru, a wasu tana raguwa. A 2013 Steve Horvath na jami'ar UCLA ya zaɓo wurare 353, ya gina lissafin da ke cankar shekarun mutum da kuskuren kimanin shekara 3.6. Daga nan aka samu abin da ake kira agogon tsufa.

Ɗibar jinin ba wuya, sai dai nan ne mutane ke ɓata samfurinsu. A fara yin rajistar lambar kwalin a intanet. A wanke hannu da ruwan ɗumi don jini ya gudana, a goge yatsa da auduga mai sifirit, a bari ya bushe sarai, sannan a huda gefen yatsan, ba tsakiyarsa ba. A share ɗigon farko. Kada a matse yatsan da ƙarfi, domin ruwan tsoka zai gauraya da jinin ya tsinka shi. In katin ɗiga jini aka samu a kwalin, sai ya bushe ƙayau kafin a rufe shi, saboda danshi na lalata DNA. Zaɓin jini maimakon yawu abin yabo ne: yawu cakuɗe yake da ƙwayoyin fatar baki da fararen ƙwayoyin jini, adadinsu na canzawa daga tofi zuwa tofi, alhali yawancin agogunan da jini aka horar da su.

Cikin lambobin da rahoton ke kawowa, DunedinPACE ce mai nauyi. An gina ta a 2022 daga bin diddigin mutum 1,037 da aka haifa a garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan a 1972 zuwa 1973, waɗanda aka riƙa auna lafiyar zuciyarsu, huhu, ƙoda da sauran gaɓoɓi tsawon shekara ashirin. Ba ta faɗin shekaru, saurin tsufa take aunawa. In ta nuna 1.0, jiki na tsufan shekara guda a kowace shekara, 0.85 na nufin a hankali, 1.2 kuwa ana gudu. An kuma zaɓi wuraren CpG ɗinta daga waɗanda ke ba da amsa iri ɗaya in an maimaita awo, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dalili shi ne, a 2022 Albert Higgins-Chen da abokan aikinsa a jami'ar Yale sun raba jini ɗaya biyu suka auna, suka ga tsofaffin agoguna na iya saɓawa da kansu har da shekara 9. Gyaran lissafin da suka kawo ya rage saɓanin zuwa ƙasa da shekara ɗaya da rabi a yawancin samfura. Saboda haka wanda aka ce masa jikinsa ya "ƙuruce da shekara biyu" bayan wata uku yana shan wani ƙarin abinci, mai yiwuwa kuskuren awo kawai ya gani. Abin takaici ne yadda masu tallan irin wannan ƙarin abinci ke kafa hujja da wannan.

Jikin ma kansa na girgiza lambar. Binciken da aka wallafa a 2023 ya nuna tiyatar gaggawa, juna biyu da korona mai tsanani na ɗaga shekarun jiki na ɗan lokaci, su sauko bayan an murmure. Mura kaɗai na canza adadin fararen ƙwayoyin jini. Don haka a ɗibi jini da safe, cikin ƙoshin lafiya, a maimaita a yanayi iri ɗaya bayan wata shida zuwa shekara. Awo ɗaya tal ba ya nuna alkibla.

Kada kuma a sa ran babban sauyi. A gwajin CALERIE, inda mutum 220 suka shiga, an nemi rukuni ɗaya su rage kashi 25 cikin ɗari na abincinsu tsawon shekara biyu, suka iya kusan kashi 12. DunedinPACE ta sauka da kashi 2 zuwa 3 kacal, agogunan PhenoAge da GrimAge kuwa ba su nuna wani canji na a-zo-a-gani ba.

TruAge ya dace da mai son bin sawun jikinsa shekara da shekaru, wanda zai iya biyan awo fiye da ɗaya. Ba gwajin gano cuta ba ne, kuma ba ya maye gurbin awon hawan jini, sukari da kitsen jini, waɗanda likita ya san abin da zai yi da sakamakonsu. Kafin a aika samfuri a karanta sharuɗɗan sirri da kyau, domin alamun metil a kan ƙwayar gado mai suna AHRR na tona ko mutum na shan taba, ko da bai rubuta hakan a fom ba.