Famfon iska mai caji: ya kunna kansa, amma tsagena bai ga safiya ba

Na ja ƙafa wajen rubuta wannan sharhi don kada in rubuta shi da zafin rai. Yau wata uku ke nan da faruwar abin, kuma da na zauna zan fara sai na ji ashe zuciyar ba ta gama hucewa ba.

Famfon da nake magana shi ne ɗan farin nan mai baki biyu da batir a ciki, wanda da zarar an ɗauke wuta yake ci gaba da hura iska da kansa. Duk mai kiwon kifi a gida ya san shi, ya kuma san shagunan da ake sayar da shi. Ni abin da ya sa na saya ɗaya ne: tsage. Tankina na gilashi ne, lita 600, yana falo. Akwai oska biyu a ciki, wani kifin ado na ƙasashen waje, da gartsa ɗaya, sai tsagen da wani abokina ya karɓo mini a hannun masunta a Yauri yana ɗan mitsitsi, bai fi yatsa ba. Shekara ɗaya da rabi ina rainonsa har ya kai santimita 25, haƙora sun fito zara-zara, baƙin zane ya kwanta a gefensa, wutsiyar nan ja-ja. Baƙo ba ya shigowa falon nan ya zauna bai fara tsayawa a gabansa ba.

Mai shagon ya ce mini: “Yallaɓai, wannan in ka cika masa caji, kwana zai yi yana aiki, ka yi barcinka da munshari.” Na biya ban ko taya ba.

Satin farko kam na yaba. Ana ɗauke wuta, ko ƙiftawa ba ya yi, kumfa na ci gaba da tashi daga dutsen iskar, ɗan dutsen da ke bakin tiyo a cikin ruwa. Amma duk ɗaukewar awa ɗaya ce ko biyu, da rana, ina gida. Ban taɓa zama na cire shi daga soket na duba agogo ba, kuma wannan sakacina ne, na yarda.

Daren da abin ya faru cikin watan Afrilu ne, zafin nan da bango kansa yake huci har tsakar dare. Ma'aunin da ke manne a gilashi ya nuna digiri 31. Bayan isha'i na ba su abinci sosai, yankan karfasa da jatan lande, tsagen ya cika ciki har ya yi tulu. Wajen ƙarfe sha ɗaya aka ɗauke wuta. Na leƙa falo da fitilar waya, na ga kumfa na tashi, na ce alhamdulillahi kuɗina bai tafi a banza ba. Man janareta ya ƙare, ban damu in fita nema ba, ai akwai famfo.

Da asuba uwargida ce ta tashe ni. “Baban yara, tashi, kifinka na can yana wani abu.” Falon tsit, ba ƙarar famfo, ba kumfa, saman ruwan ya kwanta lum kamar madubi. Tsagen yana sama a karkace, baki a buɗe, kumatunsa na buɗewa da rufewa da ƙyar. Ƙyallin azurfar nan duk ya dusashe. Na ɗauko moɗa ina ɗebo ruwan tankin ina zubo shi daga sama don ya sha iska, ita kuma tana riƙe mini fitila. Har hannuna ya sage ina yi. Ya ɗan miƙe sau ɗaya, ya kaɗa wutsiya, na ce ya dawo. Kafin a idar da salla a masallacin unguwa ya juya ciki sama.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne ganin gartsa tana harkarta kamar ba abin da ya faru. Ita tana da wani abu kamar huhu, takan taso ta haɗiyi iska ta koma ƙasa, don haka ko ruwa ya mutu ba ta cika damuwa ba. Oska ma, duk da daga yankin Amazon suka fito, sun iya jure ƙarancin iska ƙwarai. Sun dai kwanta a ƙasa sun yi fari-fari suna fushi irin nasu. Tsage kuwa ɗan kogi ne, mai gudu, ruwa mai motsi da wadatar iska ya sani. Shi na saya wa famfon, shi kaɗai kuma famfon ya yasar.

Daga baya na zauna na lissafa yadda abubuwa suka haɗu a kansa. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi: a digiri 20 lita ɗaya kan riƙe wajen miligiram 9, a digiri 30 kuwa bai fi 7 da rabi ba. Ga shi zafi na sa kifin kansa ya ƙara buƙatar iska, cikakken ciki kuma ya ƙara ninka buƙatar. Sannan ƙwayoyin halittar da ke cikin matatar ruwan tankin, waɗanda ke narkar da amoniyar kashin kifi, su ma iskar suke sha. Kifi mai cin nama kuwa amoniya yake zubarwa ba kaɗan ba. Da aka kawo wuta da hantsi Allah Ya sa na tuna ban bar matatar ta tashi haka nan ba. Na buɗe ta, wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni. Da wannan ruwan ya koma tanki, da oska ma sun bi sahu. Na zubar, na ɗauraye soson da ruwan tanki, na canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan, na kuma hana kowa abinci kwana biyu.

Na caja famfon ya cika, na cire shi, na sa agogo. Awa uku da 'yan mintuna ya mutu. Kwanan da aka yi mini alkawari ke nan.

Da na mayar, mai shagon bai yi gardama ba, wannan kam zan faɗa. Ya yi mini jaje, ya ce wataƙila batir ɗin ya daɗe a ajiye, ya ba ni wani sabo. Sai kuma ya nuna mini wani ɗan maɓalli a gefe da ke sa famfon ya hura na 'yan daƙiƙu, ya huta, ya sake hurawa, wai da haka ne yake kai safiya. Na ce: “Malam, ranar da na saya me ya hana ka gaya mini?” Ya ce ai yana cikin takarda. Takardar kuwa rubutun Sinanci ne da wani Turanci da ko mai shi ba zai gane ba.

Sabon ya fi na farko, gaskiya. Na gwada shi sau uku a tsarin hura-ka-huta, ya haura awa takwas kowane karo. Ba shi da nauyi, yana cika caji da wuri, kuma tun lokacin an ɗauke wuta dare da yawa ban sake tashi na tarar da ruwa a kwance ba. Har na fara cewa a raina to, a yafe, na farkon ne ya zo da matsala.

Sai ranar da na tarar da kafet a jiƙe. Na ajiye famfon a ƙasan tanki, ya tsaya, ruwa ya biyo tiyo ya gangaro baya har cikinsa. Ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa komawa, abin da bai kai kuɗin kwalbar lemo ba, ba su sa a kwali ba, ba kuma wanda ya ce in saya. Yanzu na rataye shi a ƙusa sama da bakin ruwa, inda yake ta kaɗa bango da gurnani, uwargida na cewa kamar ana niƙa a falo. Na cusa masa soso a baya, ya ɗan rage.

Ga mai gartsa ko tarwaɗa ko oska, famfon zai yi masa, in ya gwada batir ɗin da agogo tun ranar farko. Mai tsage kada ya jingina ran kifinsa a kansa shi kaɗai. Ni yanzu na haɗa matatar ruwan da ƙaramar inbata, kuma in zafi ya tsananta ba na ba da abinci da dare. Abokina ya kira ya ce zai sake samo mini wani daga Yauri in ruwa ya ja baya. Na ce masa ya dakata tukuna.