Abincin kanti a Ingila: wanda na riƙe da wanda na saki

Yaya, barka da war haka. Kin tambaye ni ko da gaske ne mutanen nan ba sa ɗora tukunya. Suna ɗorawa, amma ba kullum ba, kuma tun da na fara aiki na daina ganin laifinsu. Abin da doka ta tanadar wa wanda aikinsa ya wuce awa 6 a yini shi ne hutun minti 20. Ashirin fa, Yaya! A ciki za ki ci, ki sha, ki koma bakin aiki.

Shi ya sa da rana ta take sai ki ga an yi layi a manyan kantunan abinci irin su Tesco ko Sainsbury's. Suna da wani haɗi: sanwic, abin sha da ɗan abin taunawa, duka wajen fam 4. Farkon zuwana na ɗauka garaɓasa ce. Da na zauna na buga lissafi, kwana 5 a mako, sai ga fam 80 a wata, kuma kafin la'asar cikina ya fara kiran ciroma.

Akwai kuma dafaffen abinci a ɗan farantin roba, wanda ake jefawa cikin maikirowef minti huɗu ko biyar. Hoton kwalin sai ki haɗiyi yawu, in kin buɗe kuwa naman sai an yi cigiya. Amma gishirin ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wani farantin kuwa shi kaɗai yakan kwashe kusan rabi. Abin da zan yaba musu shi ne yawancin kwalayen na ɗauke da alama irin ta fitilar titi, ja, ruwan ɗorawa da kore, a kan gishiri, sukari da kitse. Ja ya yi yawa, in mayar da shi inda na ɗauko. Ga kuma karatun bayan kwali, don miyar da ba ki zata ba sai ki tarar an zuba mata giya ko an haɗa da naman alade. Su kansu 'yan ƙasar ba su manta da 2013 ba, lokacin da aka gano naman doki a abincin da aka rubuta na shanu ne.

Inda na ga kuɗina bai tafi a banza ba shi ne kayan da aka rage miki aiki kawai, ba a dafa ba: yankakkiyar albasa, karas da koren wake na firiza, tumatir da wake na gwangwani. Da can ina raina kayan lambun firiza, ashe ana daskarar da su ne jim kaɗan bayan an cire su daga gona, don haka amfaninsu na nan. Ba sa kuma ruɓe mini a firji in mako ya yi zafi. Da su nake girki ranar Lahadi, in rarraba a robobi, na kwana biyu a firji, sauran a firiza. Shinkafa ce kaɗai ake ja mana kunne a kanta: a sanyaya ta cikin awa 1, kada ta wuce kwana 1 a firji, kuma kada a ɗumama sau biyu.

Kada ki ce na zama waliyiya. Ranar da na kwana a wurin aiki, farantin robar nan ne ke rufa mini asiri, musamman in na dace da wanda aka manna wa takarda mai ruwan ɗorawa da yamma, alamar an karya kuɗinsa don kwanansa ya kusa ƙarewa. Biyu nake ajiyewa a firiza saboda irin wannan rana, kuma jiya na ci ɗaya.

Ki gaishe mini da Inna da yaran.